Kuɗin lauya da tara a ɗaukaka ƙarar rabuwar aure a Kalifoniya: yadda ake nema da yadda ake kiyayewa

Tambayoyi biyu ne suka fi yawan zuwa daga 'yan uwanmu mazauna Amurka a kan wannan batu. Ɗaya daga matar da alƙali ya ba gaskiya, sai tsohon mijin ya ɗaukaka ƙara, ita kuma abin hannunta ya ƙare a shari'ar farko. Ɗayar daga wanda hukunci bai yi wa daɗi ba, yana son ɗaukakawa, amma ya ji an ce kotu na iya cin sa tara. Kowace jiha da tata doka, don haka na tsaya a kan Kalifoniya. Wanda ke Texas ko New York kada ya ɗauki lambobin fom da kwanakin da ke nan ya tafi da su kotunsu.

A Amurka kowa shi ke biyan lauyansa, ko ya ci shari'a ko an kayar da shi, sai inda wata doka ta ce akasin haka. A shari'ar iyali ta Kalifoniya ƙofofi uku ne aka fi bi. Sashe na 2030 na dokar iyali yana sa mai hali ya taimaka wa marar hali da kuɗin lauya. Sashe na 271 yana hukunta wanda ya ja shari'a da gangan ko ya hana sulhu. Sashe na 907 na dokar tafiyar da shari'un farar hula yana ba kotun ɗaukaka ƙara ikon cin tarar wanda ya kawo mata ƙarar banza. Kowace ƙofa da kotun da ake ƙwanƙwasa ta, da takardarta, da wa'adinta, kuma galibin masu asara a nan suke yin ta: suna da haƙƙi, amma sun nema a inda ba nan ba ne, ko sun makara.

1. Ƙirga kwanaki kafin komai

Sanarwar ɗaukaka ƙara, fom APP-002, a kotun da ta yanke hukuncin ake shigar da ita. Wa'adinta kwana 60 ne daga ranar da akawun kotu ko abokin shari'a ya aiko da sanarwar shigar da hukunci, wadda a shari'ar saki fom FL-190 ce, ko kwafin hukuncin mai hatimin kotu. Idan ba wanda ya aiko da komai, kwana 180 ne daga ranar da aka shigar da hukuncin. Wanda ya fara cika shi ke aiki.

Gargaɗi: wannan wa'adi ba a roƙonsa. Makarar kwana ɗaya ta isa a kori ƙarar, kuma alƙalan ba su da ikon yin afuwa ko da sun so. Na san al'adarmu ce a tsaya manya su shiga tsakani, a kira liman, a buga waya gida. A yi duk wannan, amma a shigar da sanarwar tukuna. Idan sulhu ya yiwu, janye ƙara abu ne mai sauƙi.

Wani abu da ake yawan mantawa: umarnin biyan kuɗin lauya da alƙali ya bayar tun shari'a na tsakiya, ana iya ɗaukaka ƙara a kansa nan take, kuma agogonsa daga lokacin yake fara gudu. Wanda ya ce bari sai an gama komai ya haɗa su gaba ɗaya, yana iya tarar da ƙofar ta rufe. Haka tarar da ta haura dala 5,000. Wadda ba ta haura ba, galibi sai bayan hukuncin ƙarshe ake kai kukanta.

2. Auna ƙarar da idon da alƙalan za su kalle ta

Kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake sauraron shaidu, ba ta karɓar sabuwar hujja. Alƙalai uku ne ke karanta abin da ya gudana a rubuce, kuma da zaton cewa hukuncin farko daidai ne suke farawa. Mai ɗaukakawa shi zai nuna kuskuren, ya nuna shafin da yake, ya nuna cewa kuskuren ya sauya sakamako. A batun kuɗin lauya da tara abin ya ma fi tsauri, domin doka ta bar wa alƙalin farko faɗin zaɓi. Cewa "ya yarda da maganarta bai yarda da tawa ba" ba ya kai ko'ina. Abin da ke kaiwa shi ne a nuna alƙali bai bi abin da doka ta wajabta ba, misali ya ƙi buƙatar kuɗin lauya ba tare da ya faɗi matsayarsa a kan bambancin halin ma'auratan ba.

Ma'aunin ƙarar banza ya fito ne daga shari'ar Flaherty, wadda Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke a 1982, kuma ita ma shari'ar iyali ce. An ci wani lauya tarar dala 500, Kotun Ƙoli ta soke, ta kafa sharuɗɗa biyu: ko dai an ɗaukaka ƙarar da mugun nufi, don a musguna wa ɗaya ɓangaren ko a jinkirta hukunci, ko kuma ƙarar ba ta da tushe ta yadda duk lauya mai hankali zai yarda babu komai a cikinta. Kotun ta ƙara da cewa faɗuwa a shari'a kaɗai ba ta mayar da ƙara ta banza, kuma a yi amfani da tara da taka tsantsan. Saboda haka mai ƙorafi na gaskiya kada tsoron tara ya hana shi. Amma wanda ya san a ransa so yake kawai tsohuwar matarsa ta sha wahala, to ya sani saƙonnin wayarsa da tarihin abin da ya yi a kotun farko na iya fallasa shi.

Shawarata: a biya lauyan da ya ƙware a ɗaukaka ƙara, ba wanda ya yi shari'ar farko ba, ya karanta fayil ɗin na 'yan sa'o'i ya faɗi gaskiya. Wanda ya sha kaye a shari'a da wuya ya iya auna aikin kansa.

3. Lissafa kuɗi, a tattara abin da aka rubuta

Kuɗin shigar da sanarwa dala 775 ne, da ajiyar dala 100 ga kotun farko don haɗa takardu. Wanda ake ƙara yana biyan dala 390 a takardarsa ta farko. A duba shafin kotu kafin a biya, don kuɗaɗen kan sauya. Marar hali ya cike fom FW-001 a yafe masa, sai dai yafewar ba ta shafi ladan mai rubuta zaman kotu ba.

Cikin kwana 10 da shigar da sanarwa za a miƙa fom APP-003, inda ake zaɓar takardun da za a aika sama da zaman da ake so a buga. Ajiyar mai rubuta zama dala 325 ce a zaman da bai wuce awa uku ba, dala 650 a wanda ya wuce. Shari'ar yini uku cur ke nan ta kai dala 1,950 tun ba a taɓa lauya ba. Lauyan kuwa shi ne babban nauyi. A ƙaddara yana karɓar dala 400 a awa, aikin ya ci masa awa 80, an tashi da dala 32,000.

Gargaɗi: kotunan iyali da dama ba sa kawo mai rubuta zama sai an nema. Idan ba a rubuta abin da aka faɗa ba, kotun sama za ta ɗauka cewa an kawo hujjar da ta isa, kuma ƙarar ta kusa mutuwa tun daga nan. Wanda aka yafe wa kuɗin kotu yana da haƙƙin a ba shi mai rubutawa kyauta idan ya nema da fom FW-020, bisa hukuncin Jameson na 2018. A nema kafin kowane zama, har da zaman kuɗin lauya da za mu zo kansa yanzu. Tafinta ma kyauta ne, da fom INT-300, kuma a nema da wuri. Idan zaman ya riga ya wuce ba rubutu, akwai fom APP-014 na taƙaita abin da ya gudana, alƙali ya tabbatar.

4. Nemi kuɗin lauya a kotun farko, tun ƙarar na tafiya

Nan ne nake so 'yan uwa mata musamman su tsaya su karanta da kyau, domin na ga yadda rashin sanin wannan ke sa mace ta sallama abin da kotu ta riga ta ba ta. Ba sai kin jira an gama ɗaukaka ƙara ba, kuma ba sai kin yi nasara ba. Kuɗin lauya na sashe na 2030 ba ladan cin shari'a ba ne, an yi shi ne don kada ɗaya ya zo da lauya ɗayan ya zo hannu rabbana. Kuma gaban alƙalin farko ake komawa, don ikonsa a kan wannan batu bai tafi ba ko da ƙarar ta hau sama. Namijin da matarsa ta fi shi samu shi ma haƙƙinsa ne. Iyayen da ba su yi auren da jiha ta sani ba suna da irin wannan a sashe na 7605.

Takardun su ne FL-300, wato buƙatar umarni, da FL-319 mai bayanin kuɗin da ake nema, da FL-158 ko rantsuwa mai kama da ita, da FL-150 mai bayanin samu da kashewa. Kuɗin shigarwa dala 60. A isar wa ɗaya ɓangaren aƙalla ranakun aikin kotu 16 kafin zama, shi kuma ya amsa da FL-320 da tasa FL-150 ranakun aiki 9 kafin zama. Bayan an saurara, doka ta ba alƙali kwana 15 ya yanke.

FL-150 ita ce zuciyar buƙatar. Dole ta zama wadda aka cike cikin wata uku da suka wuce, a haɗa da takardun albashi na wata biyu. Kada a bar gurbi ba komai, kada a yi ƙiyasi sama-sama. Kuɗin da ake aika wa iyaye gida duk wata, da zubin adashe, da bashin da aka ci wajen ɗan uwa aka biya lauyan farko, duk a rubuta su, a haɗa da shaidar tura kuɗi. Alƙali ba lallai ya lissafa su duka a matsayin larura ba, amma idan lauyan ɗaya ɓangaren ne ya zaƙulo su daga takardun banki, amincin sauran bayanan ya tafi.

Rantsuwar lauya ta faɗi shekarunsa a aiki, abin da yake karɓa a awa, aikin da ya yi da wanda ya rage, da dalilin da ya sa adadin ya dace. Adadi tsirara ba bayani shi ne mafi sauƙin abin da alƙali zai zaftare.

Alƙali zai duba ko akwai tazara tsakanin su biyun wajen samun kuɗin ɗaukar lauya, da ko ɗayan zai iya biya wa kansa da abokin shari'arsa. Idan duka biyun sun tabbata, dokar ta ce ya bayar, ba ta bar masa zaɓin hanawa ba. Samun ɗan abin hannu ba ya hana a ba ki, don kwatanta halin mutum biyu ake yi. Idan mai nema shi ne ya ɗaukaka ƙarar, akwai ƙarin sharaɗi: ya nuna da kyakkyawar niyya ya yi, kuma akwai dalili mai ma'ana da ya cancanci kotun sama ta duba. Ba a ce sai ya tabbatar zai ci ba.

Wadda ta sami umarnin kariya daga cin zarafi tana da wata hanyar a sashe na 6344, kuma akwai ƙungiyar Family Violence Appellate Project da ke tsaya wa irinsu kyauta a matakin ɗaukaka ƙara. Kowace gunduma kuma tana da ofishin taimakon kai a kotu, inda za a duba fom ba a karɓi ko sisi ba.

5. Idan kai aka ce ka biya

Ɗaukaka ƙara ba ta dakatar da umarnin biyan kuɗi haka kawai. Mai son a dakatar sai ya kawo lamuni: ninki biyu na adadin idan mutane ne suka tsaya masa, ninki ɗaya da rabi idan kamfanin inshora mai lasisi ne. Umarnin dala 40,000 ke nan yana buƙatar lamunin dala 80,000 ko 60,000. Kuɗin ruwa na kashi 10 cikin 100 a shekara yana hawa a kan abin da ba a biya ba, wato dala 4,000 duk shekara a wannan misali, kuma ɗaukaka ƙara ta kan wuce shekara. Kuɗin ciyar da yara da tsarin riƙonsu suna nan daram, a ci gaba da bi.

Gargaɗi: wanda ya yi kunnen uwar shegu da umarnin kotun farko, kotun sama na iya ƙin sauraronsa gaba ɗaya. A shari'ar Hofer ta 2012, miji ya ƙi bayyana dukiyarsa duk da umarnin kotu, sannan ya ɗaukaka ƙara yana cewa kuɗin lauyan da aka ɗora masa ba su da hujja. Kotu ta kori ƙarar ba ta ko shiga cikinta ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Dokar Kalifoniya tana ɗaukar abin da aka samu a cikin zaman aure a matsayin na su biyu, ko a wace ƙasa yake. Filin da aka saya a Kano ko gidan da aka gina a Maraɗi da albashin Amurka dole ya shiga takardar bayyana dukiya, ko da kana ganin naka ne kai kaɗai. Ka bayyana, sannan ka kawo hujjarka. A shari'ar Feldman ta 2007 an ci miji tarar dala 250,000 da kuɗin lauya dala 140,000 saboda ɓoye bayanan dukiya, kotun sama ta tabbatar. A shari'ar Rossi ta 2001 matar ce ta ɓoye kuɗin caca da ta ci, sama da dala miliyan 1, aka miƙa wa mijin gaba ɗaya. Sakin da aka yi a cikin gida ko a masallaci a Amurka bai raba auren a idon jiha ba, balle ya ɗauke wannan wajibi.

Game da sashe na 271, mai nema ba sai ya nuna yana cikin buƙata ba, amma akwai iyakoki da za ka riƙe: dole a ba ka sanarwa da damar kare kanka, tarar kada ta zama nauyin da ya fi ƙarfinka, kuma dole ta danganta da ainihin kuɗin lauya da na shari'a, kamar yadda aka yanke a shari'ar Sagonowsky ta 2016. Daga aljihunka ko kasonka na dukiya ake cire ta, ba daga lauyanka ba, ko da shi ne ya yi rashin kunyar. Saboda haka ka karanta duk wasiƙar da zai aika da sunanka.

6. Neman tara a kotun ɗaukaka ƙara

Mai ɗaukakawa yana miƙa rubutacciyar hujjarsa kwana 40 bayan takardu sun isa kotu, wanda ake ƙara ya amsa cikin kwana 30, mai ɗaukakawa ya mayar da martani cikin kwana 20. Idan kin gamsu ƙarar ta banza ce, ƙa'ida ta 8.276 ta ce a shigar da buƙata ta daban, da rantsuwar da ke nuna yadda aka kai ga adadin, kafin a kori ƙarar, kuma kada a wuce kwana 10 bayan cikar wa'adin martanin.

Gargaɗi: rubuta "muna roƙon a ci shi tara" a ƙarshen amsa ba buƙata ba ce. Kotuna sun sha watsi da irin wannan. A kuma nuna hujja daga cikin fayil: sau nawa ya nemi ɗage zama, wane umarni ya karya, wace magana ce aka riga aka yanke yake sake dawo da ita. Buƙatar tara marar tushe ita ma ana iya cin tara a kanta, don haka ba abin jefawa ba ne don a huce haushi.

7. Idan sanarwar tara ta zo maka

Kotu ba ta cin tara sai ta sanar a rubuce. Daga ranar da ta aika, kwana 10 ne na amsa. Amsar ta tsaya a kan doka: ga hukuncin da na dogara da shi, ga shafin da ke goyon bayana. Zagin alƙalin farko ko tona asirin tsohuwar mata ƙara wa wuta fetur ne. A wannan mataki tara na iya faɗawa kan mai ƙara, ko lauyansa, ko su biyun, wani kaso ga ɗaya ɓangaren, wani ga akawun kotu saboda lokacin da aka ɓata. Lauyan da aka ci dala 1,000 ko fiye, sai labari ya kai hukumar lauyoyin jiha. Idan an ambaci sunanku ku biyu, ka lura cewa maslaharka da tasa sun rabu, ka nemi shawarar wani.

Mai tsaya wa kansa ba a yi masa rangwame, ƙa'idar lauya ita ce tasa. Kada a kafa hujja da hukuncin da ba a wallafa a hukumance ba, an hana. Kada kuma a kwafo sunayen shari'u daga manhajar ƙirƙirarriyar basira ba a buɗe kowace an karanta ba. A 2025 kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta ci wani lauya dala 10,000 saboda maganganun ƙarya da irin wannan manhaja ta cusa masa a takarda.

8. Bayan hukunci, kwana 40

Hukuncin kotun ɗaukaka ƙara yana zama tabbatacce kwana 30 bayan fitowarsa. Idan ba wanda ya wuce Kotun Ƙoli, bayan kimanin wata biyu da fitowar hukuncin akawu zai fitar da takardar mayar da shari'a ƙasa, wadda lauyoyi ke kira remititur. A rubuta ranar fitowarta a inda ba za a manta ba.

Layin ƙarshe na hukuncin yakan faɗi wanda za a mayar wa kuɗin ɗawainiya. Wannan ya ƙunshi kuɗin shigarwa, bugun takardu, ladan mai rubuta zama da kuɗin lamuni. Kuɗin lauya ba ya ciki, kuma mutane da yawa a nan suke ruɗewa su zauna jiran cekin da ba zai zo ba. Kuɗin ɗawainiya da fom APP-013 ake nemansa a kotun farko cikin kwana 40 daga fitowar remititur. Wanda ake nema a wajensa yana da kwana 15 ya ƙalubalanci abin da bai yarda da shi ba.

Kuɗin lauyan da aka kashe a ɗaukaka ƙarar buƙata ce ta daban, da sabuwar FL-300 da sabuwar FL-150 da cikakken lissafin sa'o'in lauya, ko a ƙarƙashin sashe na 2030 ko na 271 ko duka biyun, a faɗi kowanne a fili. Ita ma a shigar cikin kwana 40 ɗin. A shari'ar Freeman ta 2005 an soke kuɗin da aka bayar ƙarƙashin sashe na 271 saboda buƙatar ta zo bayan wa'adi. Idan alƙali ya amince, a tabbatar umarnin ya fito a rubuce, galibi a fom FL-346, ya faɗi adadi, da wanda za a biya, da ranar biya ko tsarin biya kashi-kashi, don da wannan takarda ce za a iya neman a cire daga albashi ko a ɗora wa gida alamar bashi idan wanda aka ɗora wa kuɗin ya ƙi biya.